Hannun da Ya Soya Gyaɗa

Tun kafin a san asibiti a ƙasar Damagaram, an yi wata yarinya a Matameye. Kakarta, mai suna Baiwa, ita ce mai jinyar marasa lafiya a unguwa. Yarinyar kuwa akwai rawar kai, komai sai ta ce ta iya.

Wata rana zazzaɓi ya kama ƙanenta Idrisa. Ga shi washegari ana suna a Kurni.

Kaka ta ce, "In zafin jikinsa bai sauka ba, kar a fitar da shi cikin rana."

Da safe aka kira Kaka wani gida. Yarinya tana bakin murhu, tana soya gyaɗa. Inna, mahaifiyarsu, kuwa ta ƙunsa lalle a hannu biyu.

Inna ta ce, "'Yar nan, taɓa mini jikin Idrisa."

Yarinya ta yar da ludayi, ta ruga. Ta ɗora tafinta a goshinsa, ta daka tsalle.

"Inna, ya sauka! Sanyi ƙalau! Za mu suna!"

Aka ɗora Idrisa a kan jaki. Ko bakin gari ba su kai ba, sai ya langaɓe. Inna ta tare shi, ta ji jikinsa zafi rau.

"Wayyo Allah! Mu koma!"

Yarinya ta bi su da gudu, tana kuka. Tsoro ya kama ta ƙwarai.

Da suka iso gida, suka tarar Kaka ta dawo. Ta kwantar da Idrisa a inuwa. Ta shafe shi da jiƙaƙƙen zane, ta ba shi ruwa. Sannan ta kama hannun yarinya, ta sunsuna.

"Uhum, ƙamshin gyaɗa! Uwar iyawa, daga murhu kika taso ko?"

"Eh, Kaka."

"To, hannunki ya fi goshinsa zafi. Yaya za ki ji zazzaɓi? Ki bari hannu ya huce tukuna. Ki taɓa da bayansa, a goshi da wuya da ciki. Sannan ki taɓa naki, ki gwada."

Bayan kwana uku, yarinya ta zauna nesa da wuta har hannunta ya huce. Ta taɓa Idrisa, ta taɓa kanta, ta sake taɓawa.

"Kaka! Yau kam ya sauka!"

Kaka ta duba, ta yi dariya. "Gaskiyarki, ƙawata!"

Idrisa ya tashi zaune, ya ce, "Ina gyaɗata?"

Suna dai ya wuce su, amma gida ya cika da murna. Daga ranar yarinya ta gane cewa jinya ba ta son gaggawa. A duba da kyau kafin a ce an warke.