Ƙofa Biyu a Falon Abba

"Sau uku!" Abba ya ɗaga yatsu a fuskar Auta. "Sau uku yaron nan yana zuwa gaishe ni, sau uku ina tsakiyar magana yana miƙewa ya fice kamar an koro shi. Ni sa'ansa ne?"

Auta tana durƙushe gefen kujera, ta ƙura wa kafet ido. Abincin da Umma ta kawo wa Kafinta yana nan kan tebur, ko cokalin bai taɓa ba. Kafinta shi ne saurayinta, shekara biyu ke nan, saura ƙiris manya su shiga maganar aurensu.

Goggo, yayar Abba, ta taɓe baki. "Ai ni tun ranar farko na faɗa. Ku dubi wuyansa kamar mariƙin lema! Ga gumi, ga rama, ba ya ci, ba ya zama. Ko dai ƙwaya yake sha, ko kuma cutar nan ce da ba a son faɗa."

"Goggo, wallahi ba haka ba ne!"

"To yaya ne, uwar iya?"

Auta ta san amsar sarai, amma Kafinta ya sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba. Hawaye kawai suka zubo.

"Ki gaya masa gobe bayan la'asar ina jiransa," in ji Abba. "Zai zauna har in gama maganata. Ya kuskura ya taka ƙofar waje kafin in sallame shi, to ke da shi sai a lahira."

Ko takalmi ba ta tsaya zaɓa ba, ta zari mayafi sai shagonsa. Ta same shi zaune kan benci cikin ɓawon katako, ya ajiye zarto ya dafe ciki da hannu ɗaya.

"Ciwon ya tashi ko?"

"Tun shekaranjiya," ya ce yana ƙoƙarin murmushi. "Yau sau tara na zaga. Autata, sori, na san na ɓata..."

"Riƙe sorinka! Goggo ta ce ɗan ƙwaya ne kai. Abba ya ce gobe ce ta ƙarshe. Ka gaya musu mana!"

"In ce me? In kalli surukina in ce, Abba, zawo nake yi da jini? Kuma banɗakinku ta gaban ɗakin Umma ake bi. In ratsa su ina rungume da ciki? Gara ƙasa ta tsage in shige."

"Au, gara ka rasa ni dai?"

"Ba zan ci komai ba daga yanzu har gobe. Zan daure."

"Likita ya hana ka wannan wautar, kai ka gaya min da bakinka! Ka zo da fayil ɗinka na asibiti."

Ta juya ta tafi tana kuka, ko rakiya ba ta jira ba.

Washegari ya zo tsaf da shi, sai dai rigar ta yi masa yawa kamar ta aro. Ya zauna a ƙasa gaban Abba. Goggo ta kafa kujera a kusurwa, wai ita shaida ce. Auta da Umma suna bayan labule.

Falon nan ƙofa biyu gare shi. Ta dama ta fita waje. Ta hagu ta shiga ciki, ta gaban ɗakin Umma, har banɗaki.

Abba kuwa in ya fara magana ba ya sauri. Ya ɗauko tun daga ranar da aka haifi Auta. Minti goma lafiya lau. Minti ashirin, gumi ya fara tsattsafo wa Kafinta a goshi. Ya gyara zama. Ya sake gyarawa. Auta ta hango yatsunsa sun damƙe gefen kafet.

"Ya fara," Goggo ta faɗa ƙasa-ƙasa, yadda kowa zai ji. "Abin ya motsa."

Kafinta ya miƙe zumbur.

"Zauna!" Abba ya daka tsawa.

"Abba, don Allah..."

"Ga ƙofa nan. Ka taka ta, ka taka ke nan."

Ya yi taku biyu wajen ƙofar dama. Auta ta toshe bakinta da mayafi. Hannunsa har ya kai kan mariƙi, sai ya tsaya. Ya juyo, idonsa jawur.

"Abba... ina neman izini in shiga banɗakinku."

Umma ce ta yaye labule da sauri. "Bi nan, ɗana, ƙofar ƙarshe. Ka riƙe ta da ƙafa, sakatar ta lalace."

Ya daɗe, har Goggo ta fara kallon agogo. Da ya dawo kansa a ƙasa, ya zaro wani fayil daga cikin riga ya ajiye gaban Abba. Ashe ya taho da shi!

"Abba, ba raini ba ne, ciwo ne. Kumburin hanji ne mai daɗewa, shekarata huɗu da shi. In ya tashi, cikina murɗawa yake kamar ana matse wanki, in yi ta zagawa, wani lokaci da jini. Ba ya ba ni ko minti biyu in shirya. Shi ya ramar da ni, shi ke sa ni gajiya da zazzaɓi. Abincin Umma kuma tsoro ya hana ni ci, ba ƙyama ba."

"Basir ne kawai," in ji Goggo. "Ka sha jiƙo."

"Shekara guda na yi ina shan jiƙo, Goggo, har na kasa ɗaga guduma. Sai da aka zura min siririn tiyo mai kyamara aka ga hanjin duk ya yi gyambo. Likita ya ce garkuwar jikina ce ta rikice take yaƙar hanjina."

Goggo ta ɗan ja kujerarta baya. "Ana ɗauka?"

"Ba a ɗauka, ko kwano ɗaya muka ci."

Abba ya saka gilashi yana juya takardun. Can ya ɗago. "Yana warkewa?"

Auta ta runtse ido. Ƙarya ɗaya ƙarama, da an wuce wajen.

"A'a, Abba. Kwanciya yake, ya tashi. In ina shan magani kullum ina zuwa asibiti, sai in yi wata takwas ina aikina garau. Amma zai dawo. Ba zan yaudare ka ba."

"Ke!" Abba ya kira. Auta ta fito daga bayan labule. "Kin san da wannan?"

"Tun watanmu na uku, Abba."

"Kin san akwai ranar da zai kwanta, shago a rufe, ke ce wanki ke ce jinya?"

"Na sani. Na ma san abincin da ke tayar masa, na rubuta a littafi."

Abba ya rufe fayil ɗin.

"Ciwo ba kai ka ɗora wa kanka ba, ban da ta cewa. Ɓoyewar ce laifinka. Don kunyar ƙofa ɗaya ka bari ana kiranka ɗan ƙwaya, ka bar 'yata tana kuka da rantsuwa a baki. Ranar ganin likitanka ƙafata ƙafarka, in ji da kunnena. In maganarku ta zo ɗaya, ka turo manyanka."

Kafinta ya kifa kai a gwiwa yana kuka kamar yaro. Goggo ta miƙe tana gyara ɗankwali. "To ni ina na sani? Mutum ya yi ta gudu kamar ɓarawo! Ke Auta, tambaye shi me yake iya ci, a dafa."

Maganar likita kuwa ta zo ɗaya da tasa, bayan wata biyar aka yi auren. Ciwon bai tafi ba, yana zuwa yana komawa, amma ba a ƙara ɓoye shi ba. Haƙurin Auta bai faɗi ƙasa ba. Duk mai fama da irin wannan, ya je asibiti, ya kuma buɗe baki ga nasa, don kunya ba ta maganin ciwo, zargi kawai take jawowa.

Amma a ranar da ya kawo fayil ɗin nan, da Kafinta ya tashi tafiya, sai da Abba ya tsayar da shi a bakin ƙofa.

"Malam Kafinta, tunda yanzu ka san hanya, gobe ka zo da gudumarka. Shekara biyu sakatar nan tana jiranka."