Ƙofar Direban Fijon Baba

Ranar da aka jawo tsohuwar Fijo 404 garejin Zulkifli da ke Bolewa, motar ya fara kallo kafin yarinyar da ta biyo ta. Halin masu gyaran jikin mota ke nan, Allah ya shirya. Sai da ta yi gyaran murya ya ɗago, ya kuwa manta da sifanar da ke hannunsa.

Najiba ce, ƙanwar amininsa Abbas, 'yar ƙanin mahaifin Abbas ɗin. Motar ta marigayi babanta ce.

"Malam Zulkifli, ka gyara komai, amma ban da ƙofar direba," in ji ta.

Ya duba. Ƙofar ta sauko, samanta ya buɗe har yatsa na shiga, ƙasanta na gogar jiki.

"Ai wannan ce ta fi neman gyara."

"Baba ne ya saukar da ita. A kanta yake jingina yana hira da duk wanda ya tare shi. Sai an ɗaga ta take rufuwa. Ita ce abin da ya rage mana na hannunsa."

Ya yi mata alkawari.

Aiki ya kankama. Ya saita bonet da madigadi, yana zura kwalin ashana a tsakani har tazarar ta zo ɗaya. Ya jera sauran ƙofofin, layinsu ya miƙe. Najiba kan zo duba mota, wai. Daga duba mota aka koma waya.

"Najina, yau murfin but ɗin motar ya zauna daram. Saura ni, ban san inda zan zauna ba."

"Ka je wurin Inna ka tambaya, Zul. Ni ba ruwana."

Inna Gumsu, mahaifiyarta, ta yi na'am. Baffa Kashim, mahaifin Abbas kuma waliyyinta, ya ce zai duba.

Ana gab da fenti Abbas ya zo.

"Najiba ta ce ka daidaita ƙofar nan. Kada ka tayar mata da zancen, kuka za ta yi."

Dama hannun Zulkifli ƙaiƙayi yake kan ƙofar. Ya kwance hinjis ɗin ƙofar, ya sa washa don ɗago ta, ya ɗaure. Ta rufe da yatsa ɗaya, ƙyat.

Ranar karɓar mota Najiba ta ɗaga ƙofar kamar kullum, ta ji ba abin ɗagawa. Ta tsaya cak.

"Zulkifli, me ka yi?"

"Ba ke kika aiko Abbas ba?"

Abbas yana tsaye. Ya dafe ƙirji, ya rantse bai taɓa faɗa ba. Mutumin da suka tashi suna cin tuwo kwano ɗaya! Zulkifli ya ji kamar an watsa masa ruwan batir.

"Abu ɗaya na roƙe ka, ɗaya tak," in ji Najiba, hawaye na zuba. "Ka ci amanata."

Baffa ya ce wanda bai riƙe amanar ƙofa ba, ba za a ba shi mutum ba. Mako bai zagayo ba ya kawo wa Inna zancen haɗa Najiba aure da Abbas. A nan Najiba ta gane wanda ya haƙa ramin, ta ce wa Baffa cikin ladabi ba ta yi. Amma Zulkifli ma ba ta ɗaga wayarsa. Ta aika masa layi ɗaya:

"Yaya Abbas ya yi ƙarya. Kai me ya hana ka tambaye ni?"

Zulkifli ya same ta a zauren gidansu a Ngojin.

"Ban tambaya ba don ina son jin abin da ya faɗa," ya ce. "Zan iya cire washan, ƙofar ta sauko, ki ɗauka ta dawo. Na ɗauki sifana sau da yawa ina ajiyewa. Wannan saukowar tawa ce, ba ta Baba ba. Tasa ta tafi, Najina, ni na ɓatar da ita."

Ta daɗe tana kuka. Da ya ce ƙofar za ta dawo yadda take, da ta yarda, don tana so ta yarda.

"Tun da abin nan ya faru kowa lallaɓa ni yake," ta ce. "Kai kaɗai ka faɗa mini abin da ba na son ji. Ban huce ba, Zul. Amma ka turo manyanka."

Inna ta tsaya tsayin daka har Baffa ya sauko. Aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a. Abbas ya zo, ya miƙa hannu, ango ya karɓa bai kalle shi ba.

A Fijon aka kai amarya. Ta sha kuka a hanya, mata suna ta tsokanarta, Inna Gumsu kaɗai ta san ba duka na barin gida ba ne. Ta riƙe hannun 'yarta ta ce, "Allah ya jiƙan mai motar, ku kuma ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka."

Duk motar ta amsa da amin.