Shinkafar Da Aka Auna Da Fushi

Ni da nake ba ku labarin nan, har furfura ta kama min gemu ban iya auna shinkafa ba. In na ɗora ta mutum biyu, sai ta ishi masu aikin gini. Don haka ba ni da bakin yi wa Auta dariya, ko da yake na yi.

Auta a gidan yawa ta tashi, inda sai an taru ake sauke tukunya. A can hannunta ya koyi awo. Da ta auri Injiniya, mai gyaran firji, suka zama su biyu rak, gidan ya ragu amma hannun bai ragu ba. Kullum sai abinci ya kwana. Firjin gidan kuwa, da yake na mai gyaran firji ne, ya daɗe yana jiran a duba shi, sanyinsa bai fi na inuwar bishiya ba. Abin da ya kwana sai ya yi tsami, abin da ya yi tsami sai kwandon shara.

Injiniya bai taɓa cewa komai ba. Irin mutanen nan ne da in ka taka musu ƙafa su za su ba ka haƙuri.

Yayarsa ce ta yi maganar. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta sayar da keken ɗinkinta ta kai shi koyon sana'a, saboda haka gidansa nata ne, har da kicin. Wata rana dangin miji sun cika falo ana hira, Yaya ta shiga neman ruwa, sai ga ta ta fito rungume da kwandon shara. Ta dire shi a tsakiyar falo ta ɗage murfin. Shinkafar jiya, rabin kifi, tumatir da suka narke, burodi mai koren gemu.

"Ku zo ku ga inda gumin ƙanina yake tafiya," in ji ta. "Shi yana can yana fama da injin mutane, ita tana nan tana kiwon ƙudaje."

Aka kwashe da dariya. Auta ba ta kalli masu dariyar ba, mijinta ta kalla. Shi kuwa ya duƙufa yana nazarin rimot ɗin talabijin kamar an kawo masa gyara.

Da baƙi suka watse ya biyo ta kicin yana sosa ƙeya. Ya ce ai ta san halin Yaya, ba da wata manufa ba ne, ta yi haƙuri.

"Na yi," ta ce, tana goge tukunyar da ta riga ta bushe. "Amma ka riƙe wannan, Yallaɓai. Ƙwayar shinkafa ɗaya daga tukunyata ba za ta sake shiga bakin Yaya ba, sai ranar da ta buɗe baki ta ba ni haƙuri."

In Auta ta ce masa Yallaɓai maimakon Masoyi, ya san ruwa ya ƙare.

Da safe ta sa shi ya gyara firjin. Aikin da ya gagare shi tun suna ango da amarya, ya gama shi kafin shayinsa ya huce.

Daga nan gidan ya shiga sabon mulki. Auta ta ware kofi guda na awo, ta yi masa zane da wuƙa daidai cikin mutum biyu. Ba ta fita kasuwa sai ta buɗe firji ta ƙare wa abin da ke ciki kallo, ta tsara abincin mako a kanta, sannan ta sayo abin da tsarin ya nema, ba ƙari ko albasa ɗaya. Mai kayan miya ya yi mata tayin ragi in ta ɗauki kwando guda, ta ce ya riƙe raginsa. Tumatir da ya fara laushi sai ta markaɗe ta daskarar. Kazar da aka ci ranar hutu, ƙashinta ne romon washegari. Burodin da ya bushe ya sha ƙwai ya koma kasko ya fito da sabon suna. Tsohon kaya a gaban firji, sabo a baya, kuma kowane mazubi ya san ranar da za a kira shi.

Kuɗin cefane ya fara kai ƙarshen wata har ya yi saura, abin da gidan bai taɓa gani ba. Maƙwabta suka fara zuwa ɗaukar darasi. Tana koya musu da fara'a, ba wadda ta san cewa kowane kofi da take aunawa, fuskar Yaya take gani a cikinsa.

Kwandon sharar ma ta wanke shi tas, ta matso da shi bakin ƙofar kicin, inda duk mai shigowa zai gan shi.

Ranar da take jira ta zo. Yaya ta faɗo da rana tsaka ba sanarwa, yadda ta saba, ta same su sun gama cin abinci. Auta ta yi mata sannu da zuwa har da durƙusawa, ta kawo mata ruwan sanyi a kofi mai kyau.

"Yaya, ki yi haƙuri, abincin ya ƙare. Kin san yanzu daidai cikinmu muke dafawa... kada gumin ƙaninki ya tafi shara."

Yaya ta leƙa tukunya, ta leƙa kwando, ta ce to madalla. Ta sha ruwanta ta yi sallama. Da ta ɗauki jakarta, sai aka ga bakin wata robar abinci a ciki, wayam. Auta ta gani, zuciyarta ta yi sanyi kamar firjin da aka gyara. Injiniya ma ya gani. A lokacin shagon mijin Yaya ya daɗe a rufe, kowa ya sani, ba mai faɗa.

Yaya ba ta sake zuwa ba.

Auta ta ci nasara, sai dai nasarar ta zo ba ta da gishiri. Mijinta ya daina yi mata waƙar banza da yake yi in yana aske gemu. Yana cin abin da aka sa masa, ya gode, ya tashi. Sannan ya fara ramewa. Wando ya soma yi masa yawo a ƙugu, har ta kama shi yana huda sabon rami a bel da ƙusa. Ta ce a ranta ai fushi ne, ya je ya yi ta yi, ita ma nata bai huce ba. Kular abincin rana dai kullum tana cika masa daidai awo, kullum kuma tana dawowa ba ko ƙwaya.

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, kular a wanke take dawowa. Mutumin da tun da ta san shi bai taɓa ɗauraye ko cokali ba.

Ta yafa mayafi da rana ta nufi shagonsa. Ta ratsa ta tsakanin matattun firji da aka jera a bakin ƙofa, ta same shi a ciki zaune kan wata tsohuwar firiza, yana tura busasshen burodi da ruwa. Ya gan ta, ya ɓoye burodin a bayansa kamar yaro.

"Ina kular?"

Ya ce tana nan. Ta ce ina. Ya dubi rufi, ya dubi ƙasa, babu rimot a kusa, dole ya faɗa. Kullum da safe yana biyawa ta gidan Yaya ya ajiye, in ya tashi aiki ya karɓo.

"Abincina? Wanda na rantse a kai?"

"Nawa ne, Auta. Rabona ne. Ban taɓa naki ba."

"Me kake ce mata?"

"Ina cewa... in ji ki."

Nan ta zauna kan wata kujerar ƙarfe. Wato duk tsawon lokacin nan da take ramuwa, da sunanta ake kai wa Yaya gaisuwa kowace safiya. Ta fara faɗa, faɗan ya rikiɗe ya zama kuka. Ta ce ita ba shinkafar ce ta dame ta ba, ba ma Yaya ba. An tozarta ta a falonta, ta ɗaga ido tana neman mutum ɗaya, mutum ɗaya tak, ta tarar yana gyaran rimot.

Injiniya ya sauko ya durƙusa a gabanta, hannunsa duk baƙin mai.

"Na san na yi shiru. Wallahi shirun nan ya fi yunwar nan cina. Ita ta goya ni, Auta, in ta ɗaga murya sai in koma ɗan yaro. Ke kuma in kika yi fushi sai in rasa inda zan sa raina. Ba zan iya ganin robarta wayam ba, ba zan iya karya miki rantsuwa ba. Cikina ne kaɗai abin da nake da iko da shi."

Ta dube shi, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ta kai hannu ta taɓa ƙashin kafaɗarsa, wani sabon kukan ya zo.

"Masoyi, kai wawa ne."

"Na sani, rabin raina."

Amma kada ku ɗauka fushin ya mutu. Kaya kawai ya sauya. Washegari Auta ta ajiye kofin awo, ta saki tsohon hannunta, ta cika babbar tukunya da shinkafa da wake da kifi. Ta ce Yaya za ta ci, amma a gabanta za ta ci, tana kallonta, har sai kunya ta matso haƙurin nan daga bakinta. A hanya tana ta bitar abin da za ta faɗa, da inda za ta tsaya ta yi shiru don maganar ta shiga.

Suka yi sallama, aka amsa daga bayan gida. Suka zagaya suka tarar da Yaya a cikin wani keji na waya, gashin kaza a ɗankwalinta, kaji sun kewaye ta kamar masu bin bashi.

"Amaryarmu! Ke ce da kanki?" Ta fito ta rungume Auta. Ta ce su yafe mata rashin zuwa, tun da ta fara kiwon nan ba ta da lokacin kanta, amma alhamdulillahi ƙwai ne ke riƙe da gidan yanzu, har maigidan ya sami abin yi, shi ke kai wa masu shaguna. Sannan ta kama hannun Auta ta ce a duk dangi ita kaɗai ce mai tunani.

"Kullum sai na sa miki albarka. Na ce yarinyar nan ta yi hankali, maimakon ta zubar da saura, sai ta aiko wa kajina. Kin ga waccan ja ɗin? Ba ta cin komai sai girkinki."

Injiniya ya dafa bango.

"Yaya... abincina ne fa. Na rana."

"Wane? Ɗan mitsitsin nan?" Ta dube shi sama da ƙasa. "Haba, wa zai kalli wannan ya ce abincin magidanci ne? Kai kuma me ya same ka ka zama kamar sanda?"

Auta ta ga bitar da ta yi tana neman tafiya a banza, sai ta dake ta ɗauko maganar kwandon shara, da falo, da dariyar da aka yi mata. Yaya ta yamutsa fuska tana ƙoƙarin tunawa. Ta ce ita dai ba ta riƙe ba, bakinta ne ba shi da birki, kowa ya sani. A daidai nan wata kaza ta sulale ta ƙofar keji, Yaya ta bi ta a guje, tana waiwaye tana cewa, "In na faɗa, ki yi haƙuri, kin ji? Tare min ta can!"

Auta ta tare kazar.

A kan tabarmar Yaya suka buɗe tukunyar. Auta ta zuba wa mijinta ba awo, ta zauna ta tsare shi da ido har ya cinye, ta ƙara masa. Ya yi mata alkawarin duk ranar da aka sake taɓa ta a gabansa zai yi magana, ko da muryarsa na rawa. Ita kuma ta yi alkawarin matsar da zanen kofi sama kaɗan. Suka koma gida da tiren ƙwai, yana rera mata waƙarsa ta banza a hanya, tana ce masa ya rufa mata asiri mutane na ji.

Washegari da hantsi Yaya ta kira waya tana tambaya ko lafiya. Ta ce yau ba ta ga kula ba, kaji suna jira.