Sunan da Zulai'atu Ta Buga a Kwamfuta

Dutsen farko ya faɗo ne ana kiran sallar magariba. Ladidi tana tsugune bakin murhu tana juya miyar busasshen kifi, surukarta Dudu tana alwala a ƙofar ɗakinta, ɗiyar Ladidi kuwa, Zulai'atu, tana kan tabarma da wani kwali a cinya. A jikin kwalin ta zana haruffan kibod layi-layi, domin a kwalejin da take karatu a Yelwa kwamfuta biyar ce kacal ga ɗalibai sittin, kuma a shekarar 1998 babu mai irinta a duk unguwarsu. Kullum ta dawo gida sai ta ɗauki kwalin tana horar da yatsunta, don jarrabawar buga rubutu saura mako uku.

Dutsen ya daki kwanon rufi, ya gangaro, ya tsaya daf da ƙafarta. Na biyu ya biyo baya, sannan na uku. Da mahaifinta Maikuɗi ya dawo daga masallaci ya ɗauki ɗaya, sai ya ji shi jiƙe, sumul, da gansakuka a jikinsa kamar yanzu aka tsamo shi daga ƙasan ruwa. Daga gidansu zuwa bakin tafki kuwa akwai 'yar tafiya.

"Garba ne," in ji Maikuɗi, yana kallon katangar maƙwabcinsa, wanda suka yi sa'insa kan magudanar ruwa tun damina. Washegari ya bar rumfarsa ta kifi da wuri, ya ɓuya a bayan katangar. Yana kallon Garba ya shige masallaci, sannan duwatsun suka soma sauka, ba daga gabas ba, ba daga yamma ba, daga sama tsaye.

Kwana biyar ana haka, kullum da faɗuwar rana, kuma zargi ya cika gidan. Ladidi ta ce ita tun farko ba ta yarda da kwamfutar nan, akwati mai ido, ba, da malamin da ke koyar da shi, Malam Philip, mutumin tudun Shanga. Mene ne ma wani baƙin faifai da ya ba ɗiyarta, wai disket, take ɓoye shi cikin littafi? Maikuɗi ya soma kallon 'yarsa ta gefen ido, yana tunanin ko wata ƙawa mai hassada ce ta yi mata aike. Dudu kaɗai ce ba ta zargi kowa ba. Ta daina fira, ta rage cin abinci, in dutse ya faɗo sai ta kau da kai, kuma wannan shirun nata ya fi komai damun Ladidi.

A rana ta shida duwatsun ba su zo ba. Rana ta faɗi, kaji suka shige akurki, gidan ya yi tsit. Sai aka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas daga tabarma. Zulai'atu ce ke buga kwalin, amma idanunta a kafe suke, yatsunta suna komawa kan haruffa guda shida, ba tsayawa. Ladidi ta fizge kwalin, yatsun suka ci gaba da bugun iska. Daga nan bakinta ya buɗe, muryar wani tsoho ta fito, mai kauri, tana magana da Gunganci, harshen mutanen tsibiran da ruwan Kainji ya shanye. Zulai'atu a Yelwa aka haife ta, ko gaisuwa ba ta iya da harshen ba.

Butar Dudu ta suɓuce daga hannunta.

"Inna, mi ya ce?" Maikuɗi ya tambayi mahaifiyarsa.

"Ban ji ba," in ji ta, ta shige ɗaki ta ja ƙyaure.

Kwana biyu bayan haka aka ɗauko Malam Ɗangana daga Wara, dattijo siriri mai ƙarancin magana. Ya iso bayan la'asar, ya juya duwatsun a tafin hannu, ya nemi a nuna masa littattafan yarinyar. Zulai'atu, wadda da rana lafiyarta ƙalau sai dai gajiya, ta yi masa bayanin abin da ake koya musu: sassan na'urar, yadda ake buɗe fayil, a buga rubutu, a adana, a kwafa, a fitar a takarda. Ya saurara har ƙarshe, bai katse ta ba. Sannan ya zauna jiran magariba.

Da yatsun suka soma, ya sa Ladidi ta riƙe kafaɗunta, ya fara karatu a hankali. Ya daɗe yana yi. Yarinyar ta sandare, ta yi wani gurnani, muryar ta fito.

"Yi Hausa," in ji Malam. "Ka zo gidan mutane. Wane ne kai?"

"Ni ban zo ba. Kirana aka yi."

"Wa ya kira ka?"

"Wagga ɗiya. Shekara talatin ina kwance ƙarƙashin ruwa, inda garinmu yake, ba mai ambatona. Ta ɗauki sunana ta sa cikin akwati. Safe da rana yatsu suna buga shi, yatsun da ban sani ba. In kwanta, a kira. In kwanta, a kira."

Malam ya juya ya dubi ƙofar Dudu. Sai can tsohuwar ta fito, ta zauna a ƙasa, ta yi magana ba tare da ta ɗago kai ba. An ba su Zulai'atu aikin jera sunaye a teburi, shi ne ta roƙi kakarta ta lissafa mata gidajen tsibirinsu na da, gida-gida. Dudu ta lissafa ashirin da uku. Na ƙarshen ba gidan mutum ba ne, sunan aljanin dutsen bakin gaɓa ne, wanda kakanninsu suke gaisarwa kafin su jefa komar kamun kifi. Bakinta ne ya suɓuce, kewa ta ɗauke ta. Ta ji kunyar faɗa, don ɗanta ya sha yi mata faɗa kan al'amuran da.

Sauran labarin kuwa an riga an sani: aikin ya yi kyau har Malam Philip ya mai da shi abin gwaji ga ajin duka, kowa ya zauna sai ya sake buga shi.

"Ka ji ba da gangan ba ne," in ji Malam Ɗangana. "Fita ka bar ta."

"A ba ni yatsunta. Kada su ƙara taɓa akwatin nan har ta mutu."

"An yarda!" Maikuɗi ya yi wuf ya ce. "Ta bar makarantar, Malam, an yarda!"

"Yi shiru, ba da kai ake ciniki ba." Malam ya matsa kusa. "Yatsunta ba naka ba ne, ilmin da ta nema halal ne. Sunanka ne naka, shi za mu mayar maka." Ya ɗaga murya da karatu, yarinyar ta yi ta murɗewa har zufa ta jiƙa mayafinta.

"Bari!" in ji muryar. "Wuri bakwai sunan yake. A fid da shi duka kafin gobe rana ta faɗi. In ɗaya ya saura, ina nan."

Zulai'atu ta yi atishawa sau uku, ta zube a jikin uwarta.

Da safe suka tafi kwalejin su uku, Zulai'atu da mahaifinta da Malam Ɗangana. Malam Philip ya ji labarin, bai yi dariya ba, ya ce su ma a tudu sun san irin wannan. Ya sa aka tayar da janareta. Zulai'atu ta zauna, ta goge fayil ɗin a kwamfuta ta farko, ta miƙe.

"Ba ki gama ba," in ji malaminta. "Mi na koya muku? Yana cikin kwandon sharar na'urar."

Ta koma ta share kwandon. Haka ta bi na'urorin biyar, sannan ta goge duk abin da ke cikin disket ɗinta tas. Shida ke nan. Malam Philip ya rantse babu wani kwafi, don ba a barin ɗalibai su adana gwajinsu. Maikuɗi ya dube shi da ido mai zargi, ya ce a buɗe durowarsa. Aka buɗe, babu komai. Aka zazzage jakar Zulai'atu. Ita ce ta tuna cewa ranar farko an fitar mata da aikin a takarda guda, ta kai gida, ba ta ƙara ganinta ba.

Suka birkice gidan har la'asar ta wuce, inuwar katanga ta rufe tsakar gida. Ladidi ta soma kuka. A nan ne Dudu ta kwance bakin zanenta, ta fito da takardar, an ninke ta ƙanana, ta yi laushi da gumi. Ba ta iya karatu ba.

"Garinmu ne," in ji ta. "Ba shi ko'ina sai nan. In kun ƙone, shi ke nan ya nutse."

Maikuɗi ya miƙa hannu da ashana, Malam Ɗangana ya riƙe shi. Ya ce a kawo reza. Zulai'atu ta shimfiɗa takardar a kan faranti, ta yanke layin ƙarshe a hankali, ta ba Malam, ya wanke tawadar cikin ƙwarya har ba a ganin harafi, ya ce a kai ruwan tafki a zuba.

Aka kira magariba. Kowa ya tsaya inda yake, ana sauraren rufi. Ladan ya gama, babu abin da ya faɗo, yatsun Zulai'atu suna kwance a cinyarta.

Dudu ta turo mata takardar mai gajeren gindi. "Karanta mini, ɗiyata. A hankali."

Zulai'atu ta soma daga gidan farko. Kowane suna ta kira sai tsohuwar ta amsa da "Allah ya jiƙansa". A na tara, Maikuɗi, wanda ya riga ya sa takalmi zai fita masallaci, ya tsaya a bakin zaure, don sunan mahaifinsa ne, kuma shi ne ya amsa kafin uwarsa.