Saniyar da Raliya ta Wanke

Ƙawata Ummukulsum, matso kusa, wannan ba maganar ɗaga murya ba ce.

Kin san dutsen nan na bayan kanal ɗin ban ruwa, hanyar Bunkure, mai zanen jajayen shanu tun na mutanen da. 'Yan noman rani sun mayar da gindinsa juji, daga leda sai robobin maganin feshi. Wata ran Asabar matasa suka yi gayyar share shi. Hafizu, shugabansu, ya ja kunne: a kwashe shara, kada a taɓa zanen.

Raliya, 'yar Maharazu mai noman shinkafa, ta makara, ba ta ji kashedin ba. Yarinya ce da uwarta Tambaya ta horar cewa abin da bai sha sabulu ba bai wanku ba. Ta ga kashin tsuntsu a kan saniyar ƙarshe, ta sa soson ƙarfe ta dirje. Kashin ya fita. Saniyar ma ta fita. Ta tsorata, ba ta gaya wa kowa ba.

Da magariba Tambaya na kwashe tuwo, tsakuwa ta faɗo a kan rufin kwano. Ɗaya. Shiru. Sai wata. Maharazu ya leƙa waje da zagi a bakinsa, babu kowa. Aka jefa takwas, aka tsaya. Sai Raliya ta miƙe daga tabarma, ta fara kiran shanu da muryar tsohon makiyayi.

Kwana uku ana haka. Hannunta na dama ya ƙandare, ko loma ba ya kaiwa baki.

Aka ɗauko Malam Muhammadu Sani daga Kura. Ya zauna, ya daɗe yana karatu, har ta yi ƙara.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

Muryar ta amsa daga bakin Raliya: "Mai garke. Tun kakanninku ba su san gishiri ba nake ƙirga shanu tara. Yau takwas."

"Gyara ta zo yi maka."

"Wa ya aike ta? Da ledarku da fitsarinku na haƙura, sai tsabtarku ce ta kashe min saniya. Hannun nawa ne, ko ku yanka min baƙar saniya a gindin dutse."

Tambaya ta fashe da kuka. "Malam, a yanka! A yanka mana!"

"Yi shiru, baiwar Allah. Ba a yanka don wanin Allah, ko da hannu biyu ne." Ya juya ga Raliya. "Kai kuma, in na ci gaba da karatun nan, kai ma ka san ƙarshenka."

Kukan kwaɗin fadama ya ɗauke.

"To ta yi min kiwo," in ji muryar. "Duk Asabar ta zo ta kwashe shara. Ruwa kada ya sake hawa dutsena. Ranar da ta fasa, na dawo."

"Na ji. Saki hannun."

"Zan saki. Amma kowane makiyayi yana yi wa dabbarsa shaida."

Raliya ta yi atishawa sau uku, ta faɗi. Da ta farka ta nemi ruwa, ta karɓa da hannun dama. Uwar ta duba tafin, ja wur, irin jan zanen dutsen. An gwada toka, an gwada lemun tsami. Shekara biyu ke nan bai dusashe ba.

Har yau Hafizu na rantsuwar sai ya tona wanda ya goge saniyar, ya kai shi gaban hukuma. Raliya kuwa yabonta yake yi, ita da ba ta taɓa fashin Asabar ba.

Mutane sun ɗauka ƙunshi ne a hannunta. Don girman Allah, Ummukulsum, bar su a haka. Ko mijinki kada ki gaya wa.