Bugu Uku a Cikin Akwati

Rana ta kusa faɗuwa na isa zauren wasan, mabuɗin ɗakin ajiya a aljihuna. Mai zauren ne ya aiko in zo in kwashe akwatina, za su yi fenti. Wata bakwai ke nan ban taka wurin ba, tun rasuwar matata.

Ni mai wasan rufa ido ne. Ba tsafi nake yi ba, ba ni da aljani ko na aro. Saurin hannu ne kawai, da sanin inda idon mutane zai tafi. In kana so su kalli hagu, kai ma ka kalli hagu, hannun dama ya yi aikinsa. Matata ce ta koya mini wannan, ko da yake ni ake tafa wa.

Babban wasanmu akwatin ne, dogo, ya fi mutum tsayi. Ta shiga, in rufe, in juya shi, in buɗe, wayam. Sirrin kuwa wani ɗan lungu ne a bayan allon ciki, inda take maƙalewa. Dokarmu ɗaya ce: na ciki ba ya magana, don na layin gaba suna ji. Da zobenta take bugun katako. Bugu biyu, na shirya, buɗe. Bugu uku, akwai matsala, kar ka buɗe, ka shagaltar da su da hankici har in buga biyu.

Maigadi ya tare ni a ƙofa, ya yi mini gaisuwar rashi.

"Maigida, don Allah ka yi sauri," in ji shi. "Ɗakin nan in duhu ya fara, kullum sai motsi."

"Maigadi da tsoron ɓera? To mu wa zai tsare mu?"

Bai yi dariya ba.

Ƙwan fitilar ɗakin ya mutu, sai ɗan hasken da ya rage a taga. Warin tsofaffin labule da danshi ya cika wurin. Na yaye mayafin da ke kan akwatin, sai ƙamshin man da take shafa wa hannunta ya buge ni. Na jingina goshina da ƙofar, na yi kukan da ban yi a gaban mutane ba.

"Mai hula."

Daga ciki ne. A hankali, kamar raɗa. Babu mai kirana haka sai ita, in tana tsokanar doguwar hular wasana.

"Mai hula, buɗe mini. Ƙafafuna sun gaji."

Da hannuna na sa ta a kabari. Na sani sarai. Amma kewa ba ta jin magana. Hannuna ya tafi kan sakata da kansa.

"Sau ɗaya kawai," muryar ta ce. "Ba ka so ka ga fuskata?"

Ina so. Wallahi ina so.

Sakatar ta yi sanyi kamar ƙanƙara. Na fara ja.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Na daskare.

Ƙarar zobe ce a kan katako. Ba daga bakin ƙofa ba, inda muryar take. Daga can baya, daga lungun da mu biyu kaɗai muka sani.

Sai hankalina ya dawo. Shekara ashirin da biyu muna wasan nan, ko tari ba ta taɓa yi a cikin akwati ba.

"Buɗe mana," muryar ta ce. Yanzu daga sama take fitowa, dab da rufin akwatin.

Na mayar da sakata.

Ƙofar ta kumburo. Ƙamshin ya koma ƙauri.

Na zaro dogon hankicin wasa daga hannun rigata, ina neman tsari. Na ɗaure mariƙan ƙofar biyu. Ƙulli ɗaya. Biyu. Wani abu ya shaƙi numfashi dab da yatsuna.

"Haka za ka bar ni?" Kuka take yi, da muryar matata.

Na ja da baya, ban juya ba, yadda ake barin dandamali. A ƙofa ƙafata ta harɗe, maigadi ya fizgo ni waje.

Kwana uku na yi ina zazzaɓi. Yayana ya ce aljani ne, sun iya aron murya, matacce kuwa ba ya dawowa. Na yarda. Na tambaye shi to wa ya yi bugun. Zoben yana cikin aljihun teburina, inda na ajiye shi ranar jana'iza.

Na daina wasan akwati. Yayana ya ce in ƙona shi, na ƙi, na sa aka kawo mini shi gida. Yana ɗakina, hankicin na nan a ɗaure. Muryar ba ta sake magana ba.

Kowace yamma nakan ja kujera in zauna kusa da shi. Ban taɓa saɓa wa bugunta ba, kuma na san bayan uku sai biyu.

Har yau ba ta buga ba.