Na Ba Su Miji, Na Ba Su Ɗa

Wandon ne ya fara ba ta dariya, tun kafin ta ga fuskar mai shi. Ya tsaya a ƙofar shagon ɗinkinta da ke bakin bariki, dogo ne har sai da ya sunkuya sannan ya shigo, wandon kakinsa kuwa ya tsaya can sama da idon sawu.

"Sannu da aiki, tela. An ce ke kike gyara abin da aka ɓata mana a sito."

"Ba su ɓata komai ba," ta ce tana danne dariya. "Kai ne ka ƙi daina tsawo."

Auta kowa yake ce mata, don ita ce ƙarama a gidansu. Shi kuma kofur ne, amma daga ranar ya zama Dogo a bakinta. Ta auna shi, ta ce ya dawo jibi. Sai ga shi washegari.

Daga nan maɓallan rigunansa suka shiga cirewa ba ƙaƙƙautawa. Ta yi ta mayar masa ba ta ce komai ba, har ranar da ta ɗaga rigar ta duba zaren da kyau.

"Kofur, wannan maɓallin da reza aka yanke shi."

Ya sosa ƙeya. Mutumin da ake cewa ba ya tsoron komai a fareti, sai ga shi yana kallon ƙasa a gaban yarinya mai keken ɗinki.

"To ya zan yi? Ba ni da wani dalilin zuwa."

Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta: "Telata, riguna sun ƙare, ba ni da sauran maɓallin yankewa. Ki ba ni izini in riƙa zuwa hannu biyu, don ni dai ke nake zuwa gani."

Ta amsa: "Ka zo. Amma ka riƙa sunkuyawa, ƙofar ba tawa ba ce, haya nake yi."

Ta so shi, so na gaske, irin wanda yake sa mutum ya ɗinke hannun riga a baibai yana murmushi. Sai dai duk lokacin da ta nufi gida, murmushin yakan tsaya a hanya, domin ta san Umma.

Umma matar soja ce tun tana budurwa ɗanya. Ta bar aikin koyarwa ta bi miji daga wannan bariki zuwa wancan, ko labule ba ta taɓa ɗinkawa daidai taga ba, don ta san za a tashi. Auta ma mahaifinta ba ya nan aka haife ta, matan maƙwabta ne suka riƙe Umma. Daga ƙarshe ya tafi bakin daga bai dawo ba, aka ba su ɗan lokaci su kwashe kayansu daga gidan bariki, domin akwai wani iyalin da ke jira. Kamar hakan bai isa ba, da Yaya ya girma, shi kaɗai ne ɗanta namiji, ya kafe sai da ya shiga soja. A lokacin nan ma yana can bakin daga, sai a daɗe ba a ji muryarsa ba.

Don haka da Auta ta daure ta faɗa mata maganar Dogo, Umma ba ta ko ɗaga murya ba.

"Na ba su miji, na ba su ɗa. Ke kuma ba zan ba su ba."

"Umma, ba ki ma gan shi ba."

"Na gan shi. Na yi zaman aure da shi shekara da shekaru. Duk ɗaya suke, Auta, mutanen kirki ne, kuma ba naki ba ne. Ga yaron nan mai kemis yana ta aiko gaisuwa. Shi kullum a gidansa yake kwana."

Mai kemis ba shi da laifi, sai dai ko ruwa ka roƙe shi sai ya yi maka bayanin amfaninsa a jiki. Auta ta tashi ta shiga ɗaki.

Da Dogo ya ji, bai yi fushi ba. Ya ce tsohuwa girmamawa take so, shi kuma zai girmama ta. Bai gaya wa Auta shirinsa ba, don yana so ya burge. Ya samu abokinsa, yaro kamarsa, suka goge kakinsu na fita biki, suka goge takalma har suna sheƙi. Su duka biyun 'ya'yan farar hula ne, ba su taɓa zama a cikin gidan da ake jiran soja ba.

Da hantsi ne, Umma tana shanya a tsakar gida, Auta tana wanke-wanke. Aka ƙwanƙwasa. Umma ta buɗe, sai ga sojoji biyu cikin cikakken kaki, sun tsaya kafaɗa da kafaɗa, fuska ba wasa. Don ladabi kuma sai suka cire huluna a tare, suka saka a hammata.

Haka suka zo mata a wancan karon, ranar da aka kawo mata labarin rasuwar mijinta. Su biyu, da rana tsaka, huluna a hammata.

"Yaya!" Abin da ta iya faɗa ke nan, don ita ma haka take kiran ɗan nata. Ta dafe ƙirji ta zame a bakin ƙofa.

Auta ta watsar da kwano ta ruga. Dogo ya durƙusa yana ta rantsuwa cewa gaisuwa suka zo, babu wanda ya mutu, amma Umma ba ta jin kowa, sai kiran ɗanta take yi. Maƙwabta suka cika gidan. Mai kemis ya zo da abin auna jini, ya auna, ya girgiza kai, ya kalli takalman Dogo sama da ƙasa. Sai da yamma ta yi sosai aka samu Yaya a waya, Umma ta ji muryarsa, sannan ta fashe da kukan da ta riƙe tun hantsi.

Saƙon Dogo ya shigo: "Telata, wallahi ban sani ba. Na so in zo mata da mutunci, ashe da tashin hankali na zo. Ki roƙa mini gafararta. Ki ce min wani abu, ko zagi ne."

Ta rubuta masa: "Ka kusa kashe mini uwa. Ka ƙyale ni."

Ba ta nufi har abada ba. Amma aikin soja ba ya jiran fushin budurwa ya huce. Kafin ta sauko, wani saƙon ya shigo: "An tura mu, yau za mu tashi. Za a karɓe wayoyi. Ban ƙyale ki ba, kuma ba zan iya ba. Ki kula da Umma. Dogonki."

Ta kira, wayar a kashe. Ta rubuta: "Na huce. Ka dawo lafiya, shi ke nan abin da nake so." Saƙon bai tafi ba.

Watanni suka shuɗe. Mai kemis ya zama ɗan gida, yana zuwa auna jinin Umma, yana kuma sakin magana a fakaice, wai soja duk garin da ya sauka sai ya yi budurwa. Auta ba ta tanka, amma maganar tana cin ta. Wasu daga cikin waɗanda aka tura sun fara dawowa, tana ganinsu suna wucewa ta gaban shago, shi shiru. Ta ce a ranta ya ɗauki maganarta da gaske, ya ƙyale ta ɗin. Ta rame. Ko mota ta tsaya a waje sai ƙafarta ta tsaya a kan keke.

Umma tana lura. Ta ga yadda yarinyar take ajiye waya kusa da faranti, da yadda take kashe rediyo idan an zo labarai sannan ta koma ta kunna. Babu wanda ya koya mata, kuma Umma ta san kowane ɗaya daga cikin waɗannan.

Wata rana matar wani saje ta kawo ɗinkin yara. Tana zaune tana fifita da gyale, ta ce, "Allah sarki, yaron nan dogo da yake yawan zama a nan, an ce ya fara takawa."

Almakashi ya faɗi daga hannun Auta. "Takawa? Me ya same shi?"

"Au, ba ki ji ba? Ai ya fi wata a asibitin sojoji. Motarsu ta taka bam. Da farko ma an cire rai da shi. An je an sanar da mahaifiyarsa, tana can tana jinya. Kaf bariki an sani." Ta dubi fuskar Auta, sai jikinta ya yi sanyi. "Ki yi haƙuri, 'yar nan. Iyali kawai ake gaya wa."

Ba ta san yadda ta rufe shago ba. Ta isa gida ta zube a gaban Umma.

"Ya kusa mutuwa, Umma. Fiye da wata yana kwance, ni ina nan ina zarginsa. Da ya mutu, da har an binne shi ina ɗinka wa mutane riguna."

Hawaye yana bin fuskar Umma, ba ta share ba.

"Ni jiran nake guje miki," ta ce a hankali. "Ashe kin riga kin shiga, ban tsare miki komai ba. Ni ko ba komai an zo har ƙofata an faɗa mini. Ke na bar ki kina jira, kuma babu mai zuwa ya faɗa miki." Ta miƙe tana dafa bango. "Ɗauko mini gyalena."

A ƙofar asibitin wani soja ya tare su. Ya ce dangi kawai ake bari, ya tambayi Auta wace ce ita a wurin majinyacin.

Umma ta matso gaba. "Matar da zai aura ce. Ni kuma surukarsa. Buɗe mana, yaro, na girmi wannan ƙofar."

Yana zaune a bakin gado da sanda a gefe, ya rame har kakin da ta gyara masa ba zai zauna masa ba yanzu. Da ya ga Umma ya yunƙura zai miƙe.

"Zauna," ta ce. "Tsayuwarka ce ta kayar da ni wancan karon."

Mahaifiyarsa da ke gefe ta yi dariya tana hawaye, ta jawo wa Umma kujera. Shi kuwa idonsa na kan Auta.

"Telata. Wayar ta ƙone tare da motar. Kuma kin ce in ƙyale ki, sai na ji nauyin in aiko miki ina gurgu."

"Ka yi shiru, Dogo," in ji Auta. "Ka yi mini shiru kawai in kalle ka."

Ya juya wajen Umma. "Likita ya ce zan warke, kuma idan na warke za su mayar da ni. Amma in kin ce in ajiye aikin, zan ajiye."

"Ba za ka iya ba, kuma ba zan sa ka yi ƙarya a gadon asibiti ba. Mahaifinta ma ya sha yi mini wannan alkawarin." Ta share ido. "Abu ɗaya nake roƙo. Duk inda aka kai ka, ka tuna akwai wadda ke yaƙin nata a gida, ba albashi, ba lambar yabo."

Da ya ajiye sanda aka ɗaura aure. Yaya ya samu hutu ya zo, shi ya tsaya wa ƙanwarsa. Mai kemis ma ya halarta, ya yi wa ango dogon bayani a kan maganin ƙashi. Aka ba su ɗaki biyu a cikin bariki, layi ɗaya da gidan da aka taɓa fitar da Umma. Ta rako amarya har ƙofa, amma ta kasa shiga layin, ta juya daga nan.

Sun ɗan sha amarci, sannan kiran ya zo kamar yadda kowa ya san zai zo. Da safe Auta ta raka shi har inda manyan motoci suke, ta yi masa murmushi har suka ɓace, don haka ta ga sauran matan suna yi. Ta dawo ta zauna a ɗakin da ya yi mata girma, ta rasa inda za ta sa kanta.

Sai ta ji sallama. Umma ce tsaye da ƙaramar jaka, tana haki, ta ratso layin nan daga farkonsa har ƙarshe.

"Umma, kin shigo?"

"Ranar farko ta fi kowacce tsawo. Ni kaɗai na yi tawa, ke ba za ki yi taki ke kaɗai ba." Ta ajiye jakar, ta jawo kan 'yarta ta ɗora a kafaɗarta. "Yi kukanki yanzu, babu mai ganinki. Allah Ya dawo miki da shi da ƙafafunsa, Ya ba ku tsufa tare, wanda ni ban samu ba. Allah Ya yi muku albarka."

"Amin, Umma," in ji Auta, ta riƙe ta da hannu biyu.